Zaren gilashin da ke auna lanƙwasa, wuri da juyi: mi ne ne, kuma ina amfaninsa ga Adar?

Galibin mutanen jahar Tawa sun san fibir optik ne a ranaku biyu: ranar da aka haƙa rami a gefen kwalta aka binne shi, da ranar da rezo ya ɗauke aka ce ya tsinke. Zare ne na gilashi mai ɗaukar kiran salula da saƙon intanet ta hanyar haske. Akwai wanda ya taso daga Ƙonni ya ratsa Tawa ya nufi Agadas da Arlit. Akwai kuma aikin haɗa ƙasashen Sahara da Bankin Raya Afirka ya ba da kuɗinsa, wanda rabon Nijar a ciki ya kai kilomita 1031, har da reshen da ya tashi daga Arlit zuwa Asamaka a iyakar Aljeriya.

Zaren yana da wani aiki na biyu da ba a cika zancensa ba. Idan aka ja shi, ko aka lanƙwasa shi, ko ya ɗumama, ko aka juya shi, hasken da ke gudana a cikinsa yana sauyawa kaɗan. Wanda ya iya karanta wannan sauyi yana da ma'auni a hannunsa: zai san siffar da zaren ya ɗauka, da daidai wurin da wani abu ya taɓa shi, da inda ya fuskanta. Da irin wannan ma'auni likitoci ke bin sawun bututu a cikin huhun majiyyaci, jiragen ruwa ke gano arewa, masu madatsun ruwa ke gane yoyo kafin gini ya ɓalle.

Zaren kansa

A tsakiyar zaren akwai ɓargo, wanda faɗinsa ya kai kusan mikromita 9. Mikromita ɗaya shi ne milimita ɗaya an raba shi gida 1000. Wani gilashin ya lulluɓe ɓargon har kaurin duka ya kai mikromita 125, wato kaɗan ya ɗara gashin kai, sannan a sa masa rigar roba. Haske yana tafiya a hankali cikin ɓargon fiye da cikin gilashin da ya kewaye shi, kuma wannan ɗan bambanci ne ke hana shi fita: duk sa'ad da ya doshi gefe sai ya komo ciki. Daniel Colladon ya nuna haka a Jeneba tun farkon shekarun 1840, da ruwan da ke tsiyaya daga tanki, haske na bin lanƙwasar ruwan. An daɗe ba a samu gilashi mai tsabtar da haske zai yi nisa a ciki ba. A 1966 Charles Kao da George Hockham, a Ingila, suka nuna cewa dattin da ke cikin gilashi ne ke cinye hasken, kuma a 1970 kamfanin Corning na Amurka ya ƙera zaren farko da ya isa aikin sadarwa. Kao ya samu kyautar Nobel a 2009.

Lamba ɗaya ce mai karatu zai riƙe daga nan: a cikin zaren, haske yana cin kusan kilomita 200.000 a daƙiƙa guda.

Yadda ake sanin inda abu ya faru

Wannan shi ne awon da tuni ake yin sa a Nijar, ko da ba a kiran sa da wani babban suna. Idan zare ya tsinke tsakanin Tawa da Abalak, ma'aikata ba sa bin daji suna tona ƙasa. Suna haɗa bakin zaren da wata na'ura da ake kira reflektomita, ta harba ɗan gajeren hasken laza, ta jira. Gilashi komai tsabtarsa yana da ƙananan gargada a cikinsa, kuma kowace tana maido da ɗan ƙyas na hasken baya. Irin wannan warwatsuwar haske, mai ɗauke da sunan Rayleigh, ita ce kuma ke sa sararin sama ya zama shuɗi. Na'urar tana auna lokacin da kowane amsa-kuwwa ya ɗauka. Zuwa da dawowa a kan kilomita guda yana cin kashi 10 cikin miliyan na daƙiƙa. Idan amsar ta yanke bayan kashi 370, an san tsinkewar tana kilomita 37 daga inda aka tsaya. Tun 1976 aka san wannan dabara.

Abin da ya ƙaru daga baya shi ne kaifin kunne. Na'urorin yanzu suna harba laza sau dubbai a daƙiƙa, suna kwatanta kowace amsa da wadda ta gabace ta. Idan kamyo ya wuce kusa da inda aka binne zaren, ko wani ya sa diga yana haƙa, ƙasa tana girgiza, zaren yana miƙewa yana komawa da abin da ido ba ya gani, amsar da ke fitowa daga wannan wuri sai ta sauya. Da haka zare mai tsawon kilomita 40 ko 50 yake zama kamar jerin dubban kunnuwa, ɗaya a kowane ƴan mitoci, ba tare da batir ko waya ko wani ƙarfe a hanya ba. Masu binciken girgizar ƙasa a Kaliforniya da Aisland sun gwada haka da zaren sadarwa na yau da kullum da aka riga aka binne, kuma ya yi aiki. Wasu nau'o'in warwatsuwar hasken, na Raman da na Brillouin, suna ba da zafin kowace mita da kuma yawan jan da aka yi mata.

Kamfanonin mai a ƙasashe da dama suna shimfiɗa irin wannan zare tare da bututunsu domin su ji haƙa ko yoyo. Ba sai an yi dogon bayani ba kan dalilin da ya sa zancen ya shafe mu. Bututun da ya tashi daga Agadem zuwa Seme a gaɓar tekun Benin, mai tsawon kusan kilomita 2000, ya ratsa kudancin jahar Tawa. An ƙaddamar da shi a watan Nuwamba 2023, kuma a watan Yuni 2024 aka kai masa harin da ya fasa wani sashe nasa.

Tsaga a cikin gilashi

Auna siffa ya fi wannan wuya, kuma nan ne dabarar ta fi ban sha'awa. A 1978 Ken Hill da abokan aikinsa a Otawa ta Kanada suka lura cewa haske mai ƙarfi yana barin tabo na dindindin a cikin ɓargon zare. A 1989 Gerald Meltz da abokansa a Amurka suka gano yadda za a zana tabon daga gefe, a duk inda ake so. Abin da ake zanawa jerin tsaga ne masu tazara iri ɗaya, kusan 2000 cikin milimita guda. Ana kiran jerin da sunan Bragg, uba da ɗa ƴan Ingila da suka samu Nobel a 1915.

Jerin tsagar yana aiki kamar madubi mai zaɓe. Launuka da yawa suna shiga zaren, duk su wuce, ban da guda ɗaya da ya dace da tazarar tsagar, shi ne ake maidowa baya. (Mun ce launi ne don sauƙi. Hasken da ake aiki da shi, mai tsawon zango kusan nanomita 1550, idon mutum ba ya ganin sa.) Idan aka ja zaren, tazarar ta buɗe, launin da ke dawowa ya gusa. Idan aka matse shi, ya gusa ta ɗaya ɓangaren. An san gwargwadon gusawar sarai: miƙewar kashi 1 cikin miliyan, kamar a ce igiya mai kilomita guda ta ƙaru da milimita guda, tana gusar da launin da pikomita 1,2. Pikomita kuwa milimita ne an raba shi gida miliyar guda. Tunda kowane jeri ana iya ba shi launinsa, ana zana goma ko fiye a zare ɗaya, a karanta su duka daga baki guda. Da wata hanyar karatu ta daban ana kai dubbai.

To yaya miƙewa ke zama siffa? Duk wanda ya taɓa lanƙwasa ɗanyen karan dawa ya ga amsar. Bayan karan yana miƙewa har ya tsage, cikinsa yana tattarewa, tsakiyarsa kuwa tana nan yadda take. Saboda haka zaren auna siffa ba ɓargo ɗaya gare shi ba. Yawanci huɗu ne: ɗaya a tsakiya, uku a kewaye kamar duwatsun murhu. Idan zaren ya lanƙwashe, na bayan gwiwa ya miƙe, na ciki ya matsu. Daga bambancin ukun ana fitar da abu biyu, tsananin lanƙwasar da kuma ɓangaren da ta nufa. Ga misali da lissafi. A ce ɓargon gefe yana mikromita 35 daga tsakiya, aka naɗe zaren a da'irar da ke da mita guda daga cibiyarta zuwa bakinta. Ɓargon zai miƙe da kashi 35 cikin miliyan, launinsa ya gusa da pikomita 42. Na'ura mai kyau tana ganin wannan ba wahala. Domin a gane murɗewa kuma, ana murɗa ɓargunan ukun tun wurin ƙira kamar tufkar igiya, ta yadda ƙarin murɗi zai ja su, warwara ta sassauta su.

Saura haɗawa. Kwamfuta tana farawa daga gindin zaren, inda aka san wurinsa da inda ya fuskanta, ta bi shi taki-taki: nan ya karkata kaza zuwa dama, nan ya miƙe, nan ya sunkuya. Lissafin da ake amfani da shi na wasu Faransawa biyu ne, Frenet da Serret, da suka rubuta shi a 1847 da 1851, ba su taɓa mafarkin zaren gilashi ba. Duk ɗalibin da ya yi lissafi a jami'a ya gamu da su, galibi ba tare da an gaya masa inda za su yi amfani ba.

Raunin dabarar ma a nan yake. Kamar madugun da ke tafiyar dare yana ƙirga taku da kwana ne: ƙaramin kuskure a farko ba ya gogewa, tafiya yake yi da shi yana girma. Kuskuren digiri 1 a gindi yana zama santimita kusan 2 bayan mita guda, mita 1,75 bayan mita 100. Shi ya sa auna siffa daki-daki ya fi inganci a zare gajere, na mita ɗaya zuwa ƴan mitoci.

Waɗanda suka fara amfana

Ranar 26 ga Yuni 2003, wani jirgin gwaji na hukumar NASA mai suna Helios, marar matuƙi, mai aiki da hasken rana, faɗin fukafukansa mita 75, ya gamu da iska mai hargitsi kusa da tsibiran Hawai. Fukafukan suka lanƙwashe sama fiye da kima, jirgin ya wargaje ya faɗa teku. Darasin da injiniyoyi suka ɗauka shi ne dole a riƙa sanin siffar fiffike yayin da jirgi ke sama. A 2008 suka manna zaruruwa masu dubban jerin tsaga a fukafukan wani jirgin, Ikhana, suka riƙa ganin lanƙwasarsu nan take. Da ma'aunan waya na da, nauyin wayoyin kaɗai ya isa ya hana aikin.

A asibiti kuma, matsalar daɗaɗɗiya ce. Likitan da ya zura siririn bututu cikin jijiyar jini ba ya ganin inda bakinsa ya kai sai da hoton radiyo, kuma dogon aiki yana nufin dogon haskawa ga majiyyaci da ma'aikata. A 2018 likitocin asibitin jami'ar Utrecht a Holan suka fara aiki a jikin mutane da wayar kamfanin Philips mai zaren gilashi a ciki, wadda ke nuna siffarta a allo ta kowace fuska. A 2019 hukumomin Amurka suka amince da na'urar Ion ta kamfanin Intuitive, bututu mai kaurin milimita 3,5 da ke bin rassan huhu har ya kai ga ƙaramin ƙari a ɗebo samfur. Gaskiyar magana, waɗannan kayan manyan asibitoci ne masu tsada, kuma asibitin jaha na Tawa ko na Galmi suna da buƙatun da suka riga su a layi.

Gano juyi da arewa

Awo na uku ba ya buƙatar a taɓa zaren ma. A 1913 Georges Sagnac ya nuna a Paris cewa idan aka raba haske biyu, aka sa su zagaya da'ira ɗaya, wannan ta dama wancan ta hagu, za su dawo tare muddin da'irar tana tsaye. Idan tana juyawa, ɗaya zai riga ɗaya. A ɗauka mahaya biyu ne suka tashi daga gindin tuta za su kewaye fili, kowa ta nasa ɓangare, dawakinsu gudu ɗaya. Suna cikin sukuwa sai wani ya ɗauki tutar ya matsa da ita ta inda na farko ya bi. Na farkon sai ya ƙara tafiya kafin ya cim mata, na biyun kuwa taryen ta zai yi. Tazarar isowarsu tana faɗin yadda aka matsar da tutar.

Da haske, tazarar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, sai an ninka ta. A 1976 Vali da Shorthill na jami'ar Utah suka yi haka ta hanyar naɗe dogon zare kamar ƙwarƙwaro. Jiroskop na zamani yana ɗauke da zare daga mita ɗaruruwa zuwa ƴan kilomitoci, an naɗe shi cikin abin da bai fi gwangwanin tumatir babba ba, babu abin da ke motsi a ciki balle ya goge. Faransa na cikin ƙasashen da suka yi fice a ƙera shi, ta hannun kamfanin iXblue da ya koma Exail a 2022. Ana sa uku, kowane yana kallon tasa fuskar, a jiragen ruwa, da masu nutso, da taurarin ɗan'adam.

Mai kyau daga cikinsu yana jin juyawar duniya kanta, digiri 15 a awa, kuma daga nan yake gano arewa ta gaskiya ba tare da maganaɗisu ko GPS ba. A nan ƙasarmu ta yi sa'a. Rabon juyin da ake gano arewa da shi ya fi ƙarfi kusa da tsakiyar duniya, yana raguwa idan aka doshi ƙuryar arewa ko ta kudu. A Tawa, da ke kusan digiri 15 arewa, wajen 14,5 daga cikin 15 ɗin suna samuwa. Wanda ya san arewa ta gaskiya ya san sauran kusurwoyi: alƙibla daga Tawa, alal misali, tana kusan digiri 74 daga arewa zuwa gabas.

Inda wannan ya taɓa Adar kai tsaye shi ne rijiyar burtsatse. A wurare da dama na yankin sai an huda mita ɗaruruwa kafin a tarar da ruwa mai ɗorewa. Maginin rijiyar gargajiya yana sakin igiya da dutse ya ga ko gininsa ya miƙe, amma ramin foraji ba mai shiga cikinsa. Idan ya karkace da digiri 1 tak ya ci gaba a haka, a zurfin mita 500 gindinsa ya kauce da kusan mita 9. Karkata mai gwiwa ta fi muni, don tana hana bututu sauka daidai, tana sa famfo ya riƙa gogar bango har ya lalace kafin lokacinsa. Ma'aunin maganaɗisu ba ya aiki cikin bututun ƙarfe. Jiroskop yana yi, kuma da shi masu haƙar mai da ma'adinai ke zana hanyar da raminsu ya bi.

Zafi, kuɗi, da abin da ya dace da mu

Babban abokin gabar ma'aunin shi ne zafi, domin shi ma yana gusar da launi: kusan pikomita 10 a kowane digiri na ma'aunin Selsiyus. A tuna da misalin da ya gabata, inda lanƙwasa ta ba da 42. Ke nan ɗumamar digiri 4 kacal tana kama da wannan lanƙwasa. A garin da zafi ke haura 40 a watannin Afrilu da Mayu, dare kuma ya yi sanyi a lokacin ɗari, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A zaren siffa, ɓargon tsakiya ne maganin: shi ba ya jin lanƙwasa, zafi da ja kawai yake ji, sai a cire nasa daga na sauran. A gada ko gini ana ajiye wani jerin tsaga a sake, wanda ba a manna shi da komai ba, ya zama shaidar zafi. Duk mai tallan irin wannan kaya da bai yi bayanin yadda yake cire zafi ba, a tambaye shi.

Zaren kansa ba shi da tsada, ba ya tsatsa, ba ya jan tsawa, ba ya tada wuta kusa da mai. Kuɗin yana wurin na'urar karatu, wadda ke cin miliyoyin sefa, tana son wutar lantarki marar yankewa da ɗaki marar ƙura, tana kuma son mutumin da ya iya fassara abin da ta nuna. Na ukun nan ya fi sauran wuyar samu. Na'ura tana cewa ƙasa ta motsa a kilomita kaza, amma ba ta bambanta ɓarawo da garken shanu sai an koya mata, kuma ƙararrawar da ke yawan kuka ba dalili, daga baya ba mai kula ta.

A ganina, idan akwai inda wannan fasaha za ta biya kuɗinta a yankin Kalfu, Tamaske da Keita, to wajen ruwa ne. Ƙasar Adar tudun dutse ce da kwaruruka, ruwan sama yana gangarowa da ƙarfi, koramu suna cin gaɓarsu kowace damina. Tun daga aikin raya karkara na Keita, da aka fara a 1984 da tallafin Italiya da hukumar FAO, yankin ya cika da ƙananan madatsu da shingayen dutse da noman rani ya dogara a kansu. Madatsar ƙasa ba ta cika ɓallewa farat ɗaya ba. Ruwa yakan fara samun siririyar hanya ta cikinta yana kwashe ƙasa, wani lokaci har tsawon watanni. Ruwan da ke ratsawa yana sauya zafin wurin, kuma zaren da aka binne a gindin madatsa yana nuna mitar da hakan ke faruwa. Kamfanin EDF yana amfani da wannan hanya a gaɓar wasu magudanan ruwansa a Faransa. Ga ƙaramar madatsar ƙauye, sayen na'urar karatu ba zai yiwu ba. Amma binne zare lokacin gini ƙaramin kuɗi ne idan aka kwatanta da kuɗin ginin, kuma na'ura ɗaya a hannun ma'aikatar gine-ginen karkara, ko sashen fasaha na jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, tana iya zagaya madatsu da yawa, kafin damina da bayanta. Haka ma gadoji da mashigan ruwa na kan hanya, waɗanda ambaliyar daminar 2024 ta nuna rauninsu a sassa da yawa na ƙasar.

Akwai kuma tambayar da doka za ta amsa. Zaren da ke jin diga yana jin takun mutum da wucewar babur, kuma idan aka ɗora irin wannan na'ura a kan layin da ya bi ta cikin gari, za ta riƙa tattara labarin zirga-zirgar mutane dare da rana. Nijar tana da dokar kare bayanan sirri tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita. Kafin a ba wani kamfani izinin sauraron zaren da ke gefen hanyar Tawa, ya kamata yarjejeniyar ta fayyace wa ke riƙe bayanan, har tsawon wane lokaci, da kuma wanda ke da ikon ganin su.